Ranar da Ƙanzona Ya Zama Abincin Turawa

Ranar wata kasuwar Zuru ce, bayan an gama yankan dawa, saura shekara huɗu Turawa su naɗe tabarmarsu. Ni ban san lissafin alƙalami ba, jikata mai rubuta mini wannan ita ta ƙirga, amma ranar kam ina ganinta kamar jiya. La'asar ta yi, ina tsugune a bayan rumbun Inna, hayaƙi ya sa idona ja, ina gadin wata tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku. Garwashi a ƙarƙashinta, garwashi a kan murfinta. Ban taɓa ganin an yi wa tukunya wuta a ka ba sai ranar. Ƙamshin da ke fitowa ta gefen murfin ya tara mini kajin gida da karen maƙwabta da ƙannena biyu, duk na kore su da kara. Shekarata ba ta wuce goma ba, kuma abin da ke cikin tukunyar nan, a sanina, rabinsa nawa ne.

A gidanmu Inna tana da doka guda wadda ko Baba bai isa ya taɓa ba: "Wadda ta wanke tukunya, ƙanzo nata ne." Aikin gida kuwa ba ya ƙarewa. Da sassafe mu gangara rafi da tuluna, mu dawo mu yi surfe, mu durƙusa kan dutsen niƙa har gwiwa ta yi kanta, da damina kuma a tura mu gindin dutse korar birai daga masara. Duk waɗannan ba a ba ka komai a kansu, wankin tukunyar tuwo kaɗai ke da lada. Sauran yara da sun kankare ƙanzonsu sai su tura a baki nan take, da ɗuminsa. Ni ba haka nake ba. Nakan zuba ruwa kaɗan a gefe, in jira ya saki, in ɗago shi da bakin cokalin ƙwarya falle guda, kamar faifai, ba tare da ya karye ba. Sai in hau falalen dutsen da ke bayan gida in shanya, in zauna ina 'yar carafke da tsakuwa ina korar awaki, har ya bushe ƙayau. Daga nan nake hango 'yan makaranta suna tsere a fili da fararen riguna, ban taɓa jin ina kishinsu ba, ina da nawa abin tsaro. Wata biyu ina tarawa cikin wata tsohuwar randa, na rufe da faifai na ɗora dutse. Niyyata in an zo bikin kaka in jiƙa shi, in kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa, in kira ƙawayena mu ci, a san ni ma ina da abin kaina.

Cikin haka Kawu Danladi ya zo hutu. Shi ne autan su Inna, soja ne, yana dafa wa hafsoshi abinci a barikin Kaduna. Ban san wani mutum da na so a lokacin kamarsa ba. Ni ke ɗaukar masa takalmi, ni ke kai masa ruwan wanka, in wani yaro ya taɓa masa akwati ni ke kai ƙara. Saboda haka ya raɗa mini suna Saje. Da ya hango ni sai ya ƙame, ya buga ƙafa, ya ce, "Saje Kande, an ga ɓarawo yau?" Ni kuwa in ɗaure fuska in ba shi rahoto. Akwai abin da ke damunsa wanda na ji manya suna ƙusƙus a kai, amma ban haɗa shi da komai ba. Yana neman auren Asabe, 'yar Baba Bawa na ƙasan unguwa. A wurinmu saurayi golmo yake yi, wato ya tara abokansa su yi wa uban yarinya noma shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Kawu yana bariki, abokansa ne ke rufa masa asiri, su ma sun fara gajiya. An ce Baba Bawa ya faɗa a bainar jama'a: "Ni har yau takalmin soja bai tayar mini da kunya ko ɗaya a gona ba."

Wata rana ya same ni a kan falalen dutse ina juya shanyata. Ya ɗauki falle ɗaya ya ɗaga wa rana, ya karya shi a gefen kunnensa, ya ji ƙarar, ya daɗe yana kallona. Ya ce a gidan wani hafsa akwai wani abinci da yakan gasa, da siraran gutsattsarin masara soyayyu da nama da cuku, kuma wallahi nawa ya fi nasu kyan bushewa. Da na kai shi ga randar ya ga yawan abin, sai ya tsuguna daidai tsawona, ya ɗora hannu a kaina. Da yarenmu ya yi maganar, ba da Hausa ba, wannan ba zan manta ba. Ya ce, "Ki ba ni shi duka mu gasa. Ni da ke ne, mu biyu. Lomar fari taki ce."

Kwana biyu ban zauna ba. Gyaɗar da na yi kala a gonar Baba, wadda nake ɓoyo, ita na kai ruga na musanya da madara sabuwar tatsa, na dawo da ƙwarya a kai ina tafiya kamar mai taka ƙwai. Kawu ya sa na tsinko ganyen tumfafiya, ya dandaƙa ya tace ruwan cikin madarar a kan wuta, ina kallo ta tsinke ta dunƙule, ya matse ta a ƙyalle ta zama cuku fari mai laushi. Ranar kasuwa ya sayo naman sa, jan tsoka zalla. Ya kifa turmi, ya ba ni wuƙa, shi ma ya riƙe ɗaya, muka yi ta sara har naman ya koma kamar dambu, hannuna ya yi bororo ban faɗa ba. Ya soya shi da man shanu da albasa da tattasai da ƙananan tumatir na bayan ɗaki, ya ɗan barbaɗa barkono, ya bari ruwan ya tsotse sarai, domin in da ruwa, in ji shi, ƙanzon zai koma tuwo. Sannan ya shafe tukunyar ƙarfe da mai, ya ce in karya ƙanzon kamar faɗin tafin jariri in jera. Ƙanzo a ƙasa, nama a kai, a marmasa cuku, a sake ƙanzo, a sake nama, haka har sau uku. Ya rufe, ya kwaso garwashi ya zuba a kan murfin, ya ce tanderun soja ke nan in an shiga daji. Ya bar ni da umarni in riƙa juya tukunyar kada gefe ɗaya ya ƙone, shi ya tafi wanka.

Ya dawo sanye da kaki, an goge shi har yana ƙyalli. Ya share garwashin ya ɗaga murfi. Cukun ya kwanta ya yi ja-ja a sama, bakin ƙanzon ya miƙe ya yi ruwan zuma, mai yana tsiyaya ta tsakani. Na miƙa hannu. Ya ce, "Tsaya, Saje, da zafi. Yi gammo ki biyo ni." Na yi gammo mai kauri da tsumma, ya ɗora mini tukunyar, zafin yana ratsa ƙoƙon kaina. Na ɗauka gindin tsamiyar bakin hanya za mu, inda yara ba za su dame mu ba. Muka wuce tsamiya. Muka wuce rijiya. Sai da na ga dattawa biyar zaune ƙarƙashin ɗorawar ƙofar gidan Baba Bawa sannan na gane inda za mu, amma har lokacin ina ce wa raina, ai lomar fari tawa ce, ko a gaban waye.

Kawu ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya juya harshe zuwa Hausar bariki, irin wadda ake yi da ɗaga kafaɗa. Ya ce wannan abincin manyan hafsoshi ne, biskit ɗin ciki a gwangwani ya taho da shi daga Kaduna, musamman saboda Baba. Baba Bawa ya sa hannu ya ɗauki lomar fari. Ina tsaye ina jin ƙarar ƙanzona a bakinsa. Saura suka sa hannu. Na zuba wa Kawu ido, ko sau ɗaya bai waiwayo ba. Can wani tsoho mai ido ɗaya ya tauna ya tauna, ya ce, "Ikon Allah, biskit ɗin Turawa kamar na san shi." Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ƙanzo ne, Baba. Nawa ne. Wata biyu ina tarawa."

Kawu ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ido ba. Bai ce Saje ba, bai ma ce Kande ba. Ya ce, "Ku rabu da yarinyar nan, ƙarya ce da ita. 'Yar ƙauye, komai ta gani ƙanzo ne." Dattawa suka fashe da dariya, mai ido ɗaya har da buga cinya. Aka ce in koma gida. Na koma da gammona a hannu, ban yi kuka a hanya ba, domin akwai mutane.

Washegari uwar Asabe ta dawo da tukunyar, tana ta zuba godiya. Ta dube ni ta dubi Inna, ta ce, "To, wai ƙanzo ne ko biskit?" Inna ta ga randata, ta ga bororon hannuna, ita ta ara mana tukunyar. Na tsaya ina jiranta. Ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, "Kada ki biye wa Kande, surutu ne da ita." Da baƙuwar ta fita sai ta turo mini tukunyar da ƙafa ta ce in wanke.

A gindinta akwai abin da ya kama, ɓawon nama da cuku da ƙanzo sun haɗu sun ƙone. Bisa dokar gida wannan nawa ne. Na zuba ruwa kaɗan, na jira ya saki, na ɗago shi falle guda kamar yadda na saba. Na raba shi biyu daidai. Kawu yana zaune a bakin zaure yana goge takalmi, na je na ajiye masa rabi a kan faifai, na ce da yarenmu, "Ga naka, Kawu. Mu biyu ka ce." Hannunsa ya tsaya a kan takalmin, amma bai ɗago kai ba. Nawa rabin na watsa wa kaji ina kallonsu har suka cinye. Ban ɗanɗana ba. Da hutunsa ya ƙare, wani ne ya ɗaukar masa akwati zuwa bakin mota.

Auren ya yiwu da shekara ta zagayo. Ni kuma na sha "Kande biskit" a bakin rafi har na yi girman da ba a iya faɗa mini a fuska. Abin da ya fi ci mini rai bai zo ba sai bayan shekaru, ina da 'ya'ya uku, muna tsinkar kuɓewa da Asabe. Ta tuno zancen tana dariya, ta ce ai babanta tun lomar fari ya gane. Wa zai tsufa a ƙasar Zuru bai san ƙanzo ba? Duk su biyar ɗin sun sani. Abin da ya burge tsohon, in ji ta, shi ne yaron ya damu da 'yarsa har ya yi irin wannan wahala. Wato dattawa biyar da Kawu da uwata suka ga gaskiya tsaye a gabansu da gammo a hannu, suka ga ya fi musu sauƙi yarinya ta zama maƙaryaciya. Kawu ya tsufa a hannunmu, na yi masa jinya, na wanke masa tufafi. Sau da yawa yakan kira ni Saje, ni kuwa ban sake ba shi rahoto ba.

'Ya'yana da jikokina sun ce ni mai tsanani ce, ido a kan kowa. Ban musa ba. A gidana in yaro ya kawo magana, sai na ji ta har ƙarshe kafin in dubi babba, kuma wanda ya sha hayaƙi shi ke fara kai loma, ko sarki ne baƙon. Yanzu tukwanen zamani ba sa yin ƙanzon kirki, falalen dutsen nan an fasa shi an yi gini, rafin ma sai da damina ake ganinsa. Kwanakin baya jikata ta zo daga birni da wasu 'yan gutsattsarin masara a leda, ta jera su a faranti, ta zuba niƙaƙƙen nama da cuku, ta tura cikin tanderun lantarki, tana kiran abin da wani suna da harshena ya ƙi ɗauka. Ƙamshin ne ya tayar da ni daga ɗaki. Na leƙa, na ce mata wannan ai ƙanzo ne. Na jira dariya. Sai ta ɗauki ɗaya ta karya, ta saurari ƙarar, ta ce, "Wallahi gaskiyarki, Kaka, ƙanzo ne." Ta miƙo mini farantin in fara. Na ce a'a, ita ta dafa, ita za ta fara, sannan na ɗauki ta biyu.

Da daɗi, ba laifi. Amma ba abincin ba ne na yi shekara saba'in ina jira, "gaskiyarki" ɗin nan ce.