Ranar da Ɗana Ya Gaishe Ni a Tsaye

Ni ban yi boko ba, amma rainon ɗa kam babu mai koya mini. Doya na sayar a kasuwar Lafia tun ina da goyo har kaina ya yi fari, kuma duk layinmu an san 'ya'yana da hali guda: ba sa gaida babba sai gwiwa ta kai ƙasa. Ko ɗan maƙwabta ne ya shigo ya gaishe ni a tsaye, sai na kora shi waje ya sake sallama.

To, ɗana na biyu shi ne wanda ya yi ƙwallon kwando, wasan nan da ake jefa ƙwallo cikin raga a saman ƙarfe. Tsawon marigayi ubansa ya ɗauko, ya ƙara da nasa. Ya buga wa jiha, aka ɗauke shi Legas, ya buga wa ƙasa, daga nan sai ƙasashen waje. Na sha kallonsa a talabijin ɗin maƙwabta. Ban taɓa gane wa ke cin wa ba, nawa kawai nake nema a cikin dogayen, in na gan shi in ce a yi mini shiru.

Da ya bar wasa ya ce zai dawo gida ya zauna, lokacin sabuwar doya ce. Ranar da zai iso na sa aka share tsakar gida, na ɗaura zanen da nake ji da shi, na zauna a tabarma, matan unguwa sun kewaye ni. Ya sunkuyo ya shigo, don ƙofarmu ba ta taɓa isarsa ba. Ya zo gabana ya tsaya. Ina jira ya sauka. Sai ya ranƙwafo da wuya kawai, ya kama hannuwana biyu.

"Mama, na same ku lafiya?"

A tsaye. Ƙawata 'yar ƙabilar Tibi, wadda muka yi shekaru rumfarmu na jingine da juna, ita ba ta iya riƙe magana ba. Ta ce, "Mama, wannan yaro naki ya zama Bature fa." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ban ji daɗin tuwon ranar ba.

Nawa mai sauƙi ne. Babbar magana ita ce ta yayana, kawun yaron, manomi a Doma. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar ubansa. Lokacin da aka rasa takalmin da zai shiga ƙafarsa a duk kasuwar Lafia, shi ya kai shi wurin baduku aka auna aka ɗinka masa. Da ya ji ɗansa ya dawo, da tsufansa da tarinsa ya hau bayan babur, da zakara a hannu da doya ɗaure a baya. Yaron nan ya fito da murna, ya tsaya ƙiƙam, ya miƙa masa hannu kamar abokinsa.

Yaya ya dubi hannun. Ya ɗaga kai ya dubi fuskar can sama. Ya ajiye zakaran a ƙasa, ko ruwa bai sha ba, ya ce wa mai babur su juya. A bakin ƙofa ya ce mini, "Ki gaya masa ni ba ni da ɗan da ke gaishe ni daga sama. Kada ya tako gidana. Ko mutuwa na yi, ya yi zamansa."

Na san Yaya. In ya faɗi magana ba ya komawa ya ɗauke ta. Kuma na ga yadda ya rame, na san ba shekaru masu yawa suka rage masa ba. In ya tafi da fushin yaron nan a ransa, me zan ce na haifa?

Ban yi wa yaron faɗa ba. Mai sayar da doya ba ta yanke hukunci da ganin bawo, sai ta juya ta, ta danna. Na zuba masa ido. Na ga ba ya zuwa masallacin unguwa, a ɗaki yake salla, ƙofa a rufe. Na ga in zai tashi daga kujera sai ya dafa hannuwa biyu, yana jan mutum da hira don kada a lura. In ana kallonsa, tafiyarsa kamar soja. Wata rana da hantsi ina tsince shinkafa a inuwa, bai san ina nan ba, makulli ya faɗi daga hannunsa. Ya tsaya yana kallon makullin nan a ƙasa kamar a rijiya ya faɗa. Ya waiga hagu, ya waiga dama, sannan ya sa yatsun ƙafa ya kamo shi, ya dafa bango, yana cije leɓe.

Na ajiye faifan. Na ce, "Kai, zo nan. Naɗe wandonka."

"Mama, ba komai."

"Ni na yi maka wanka kana jariri. Akwai abin da ban gani ba? Naɗe."

Ya naɗe. Wayyo. Gwiwoyin nan biyu kamar tsohon buhun da aka yi ta faci, ɗinki a kan ɗinki, ta dama ta kumbura ta fi ta hagu. Ya ce an yi masa aiki ba sau ɗaya ba, kuma likita ya ce in ya sake lanƙwasa ta dama har ƙasa, abin da aka ɗaure a ciki zai iya tsinkewa.

Ban yi kuka a gabansa ba. Na shiga madafa na ɗauko gishirin garin Awe da nake ajiyewa, na soya shi a kasko har ya yi zafi, na ƙulle a tsumma. Na zaunar da shi a kujera, na jawo wata ya miƙe ƙafa a kai, na shafa masa man kaɗanya, na shiga gasawa. Haka muka riƙa yi kullum da la'asar. A nan ne bakinsa ya buɗe.

Na ce, "Don me ka bari aka zage ni a kanka? Bakinka ciwo yake yi shi ma?"

Ya ce, "Mama, a wasanmu ba a faɗa. Ranar da ka ce ƙafarka na ciwo, koci zai zaunar da kai a benci, wani yaro ya shiga wurinka, in ya yi kyau shi ke nan an manta da kai. Waɗanda kuke karawa da su kuma, in suka gane wace ƙafa ce, ta nan za su yi ta bi. Sai ka koyi tafiya kamar lafiyarka ƙalau. Allura kafin wasa, ƙanƙara bayan wasa, a fito a yi wa jama'a murmushi. Na daɗe ina yi har na manta yadda ake cewa ba zan iya ba."

Na ce, "Wannan ai ba wasa ba ne, bauta ce."

Ya yi dariya. Ya ce a'a, in tsaya in ji. Ya ce akwai wata ƙara da raga ke yi in ƙwallo ta shiga ba ta taɓa ƙarfe ba, shuu, kamar an zuba gero a ƙwarya, kuma tun ƙwallon na barin yatsunka ka san za ka ji ta. Ya ce ya yi wasa da wani mutum shekara da shekaru, ba ya jin yarensa, shi ma ba ya jin nasa, amma yana iya jefa masa ƙwallo ta baya ba tare da ya waiga ba, ya san yana nan. Ya ce, "Kin tuna lodin doya a tasha, da nake jefa wa na saman mota? Kina cewa in na ƙuje miki ko ɗaya zan gane kurena? A nan hannuna ya koyi laushi. Turawa sun yi ta tambayata wa ya koya mini jifa."

"Ka gaya musu?"

"Na ce uwata ce, kuma ta fi kowane koci faɗa."

Na ɗaɗa masa tsumman gishiri a inda ya fi zafi, ya yi ƙara.

Wata ranar kuma ba dariya. Ya ba ni labarin wasansa na ƙarshe. Ya yi tsalle kamar yadda ya saba, da ya dira ya ji wani abu ya ce ɗas a ciki, ya san an gama. Aka kawo abin ɗaukar marar lafiya, ya ƙi hawa. Da ƙafarsa ya fita yana ɗaga wa mutane hannu, suna ta tafi, sai da ya shiga banɗaki ya rufe ƙofa sannan ya zube. Ya ce ba tafin yake kewa ba. Motar dawowa yake kewa, kowa ya gaji liƙis, wani ya ɗora kai a kafaɗarka yana minshari, ko an ci ku ko kun ci. Da kuma ɗan lokacin nan da mutum ke sama, ƙafa ta bar ƙasa, jiki ba nauyi. Ya ce har yanzu yana yinsa a mafarki.

Na bar shi ya gama. Sannan na ce, "To, saura Doma."

Ya ce zai je, kuma zai durƙusa ko gwiwar za ta tsage.

Na ce, "In ka durƙusa ka kasa tashi, wa zai ɗaga ka? Ni? Ko kawun naka da iska ke kaɗawa? Ka buɗe baki ka gaya masa."

"Ke ki gaya masa mana, Mama. Ya fi jin maganarki."

"Ni na yi tsallen? In na faɗa zai ce uwa ce ke rufa wa ɗanta asiri. Daga bakinka zai ji."

Muka tafi ranar da ba kasuwa. Mun tarar da Yaya a gindin mangwaro, a tabarma, ana shanya riɗi a gefensa. Da ya hango mu ya juya fuska wajen rumbu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa mini a taƙaice. Yaron nan ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya matso. Ina kallo sai na ga ya fara sauka. Duk maganar da muka yi ta tashi a banza, halin filin wasa ya motsa. Ya dafa cinya, gumi ya karyo masa, ƙafar dama na rawa. Na kame bakina, don in na yi magana na ɓata.

Ya kai rabi ya tsaya. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe a hankali, ya ce, da wata murya da rabona da ita tun yana ƙarami, "Kawu, ba zan iya ba."

Yaya ya juyo.

Yaron ya naɗe wandon har sama da gwiwa, ya tsaya a rana, ƙato da shi, kamar yaron da aka kama da laifi. Matan gidan da suka leƙo suka koma ciki.

Yaya ya ce, "Matso." Ya sa yatsa ya bi ɗinkin nan ɗaya bayan ɗaya. "Wa ya yi maka wannan?"

"Ni na yi wa kaina, Kawu. Ƙwallo ce."

Yaya ya yaye tasa rigar, ya nuna gwiwoyinsa, su ma sun kumbura sun karkace. Ya ce, "Ni garma ta cinye nawa, amma ga rumbu can. Kai me ka noma da naka?"

"Ba abin da za a zuba a rumbu, Kawu. Amma da za a dawo mini da su sababbi, can zan sake kai su."

Sai dariya ta ƙwace wa Yaya, ta zama tari, sai da aka kawo ruwa. Ya ce, "Haka nake gaya wa yaran gidan nan in sun ce in bar gona." Ya share ido da bakin riga. "Sakarai. Dogon banza. Ka bar ni na hau babur da baƙin ciki har Doma, haƙarƙarina duk ya kwance, don kawai kada ka ce wayyo?"

"A yi haƙuri, Kawu."

"Ba a ba ni haƙuri daga sama."

Ya ƙwala kira a kawo turmi. Aka mirgino babban turmin sakwara, aka kife, ya ce wa yaron ya zauna. Ya zauna, ƙafar dama a miƙe gefe don kada ta nuna babba. To, ko a zaunen ma ya kere Yaya da ke tabarma nesa ba kusa ba. Yaya ya dube shi, ya yi tsaki, ya laluɓo sandarsa. Na taso zan kama shi, ya ture hannuna. Da ƙyar da nishi ya miƙe da kansa, ya tako ya tsaya a gaban turmin, ya ɗora tafin hannu a kan yaron.

"Yawwa. Yanzu na fi ka tsawo. Gaishe ni."

Ɗana ya sunkuyar da kai ƙarƙashin hannun nan, ya haɗa hannuwa a ƙirji.

"Kawu, ina wuni?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya? Ya jiki? Ya gona? Ya muka same ku?"

Yaya ya amsa kowace ɗaya, bai tsallake ba, bai kuma ɗauke hannunsa ba. Da suka gama ya ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Ka sha hanya. Allah ya yi maka albarka, ya sanyaya maka ƙafafun nan."

Ni dai na ce riɗin da ake shanyawa ne ya shiga mini ido, na tashi na shige wajen matan, na ce su ɗora ruwa, yau a Doma za mu ci tuwo.