Baƙon da Ya Ƙi Cin Tuwon Baba

A gidanmu na Kutama, in sanyi ya shigo, da an idar da sallar isha'i sai mu yara mu kewaye murhun Iya, mahaifiyar Baba. Ita ce mai iza karan dawa, ita ce mai tatsuniya, ita ce kuma mai ranƙwashin duk wanda ya fara gyangyaɗi. Kaina ya sha ranƙwashi, don ni da wuya labari ya ƙare idona biyu.

Wata shekara wani Bafulatani, Malam Buba, ya taso daga wajen Kabo da iyalinsa bayan shanunsa sun ƙare, Baba ya yi masa alkawarin aron gona. Ranar da ya zo a kan maganar, aka kai masa tuwon dawa da miyar kuka a zaure. Baba ya tasa shi gaba yana ta yi masa bismillah, mutumin nan ya sunkuyar da kai, ko loma bai kai baki ba. Baba ya shigo gida yana huci, wai an raina abincin gidansa, don haka gona ya fasa.

Da muka taru da dare, Iya ta ga Baba ya shimfiɗa buzu kusa da mu yana jin rediyo, sai ta ɗaga murya fiye da kullum.

"To ga ta nan tafe. Mai kunne ya tara, babba da yaro."

Wai akwai garuruwa biyu, rafi ya raba su. A garin gabas, baƙo ba ya nuna ya yaba da karɓa sai ya suɗe akushi a gaban mai gida. A na yamma kuwa, abin kunya ne babban mutum ya tauna abinci ana kallonsa. Ran nan yunwa ta koro wani mutumin yamma zuwa gabas. Mai masaukinsa ya ajiye masa tuwo, ya zauna yana jiran ya ga an ci, baƙo kuma yana jiran mai gida ya tashi. Har tuwo ya huce. Mai gida ya ɗauke akushinsa a fusace, baƙo ya haye rafi da yunwarsa, kowa na cewa ɗayan bai da tarbiyya.

"To, wa ya yi laifi?" in ji Iya.

Muka kaure da gardama, amma ita ba mu take kallo ba. Rediyon Baba ya daɗe da yin shiru.

Washegari Baba ya aika aka kira Malam Buba. Aka ajiye tuwo a zaure, Baba ya ce bari ya dubo awaki, ya kuwa daɗe wajen dubawar. Da ya dawo, kwano fes. A ranar aka je aka nuna masa iyakar gona.

Sai da na girma na yi yawo na gane kowace ƙasa da kalar ladabinta, kuma al'ada ma ƙaura take yi tare da masu ita, wata ta kama ƙasa, wata ta narke cikin ta maƙwabta. Bara na haɗu da jikan Malam Buba a kasuwar Gwarzo, manomi ne sosai, muka sa hannu a kwano ɗaya mutane na ta wucewa. Na ba shi labarin nan, ya yi dariya, ya ce shi bai taɓa jin haka ba. Na taya shi dariyar, amma raina ya sosu. Kunyar da tsohon nan ya kusa rasa gona saboda ita, ko labarinta bai kai ga jikansa ba.