Ƙwaron Lawali

A daminar 1975, wata Juma'a da hantsi, yayana Lawali ya sauko daga dutsen da ke bayan unguwarmu a Tsafe, awaki na gabansa, hannunsa a dunƙule. Ya buɗe mana shi a tsakar gida. Wani ɗan koren ƙwaro ne da bai kai ƙwayar wake ba, fikafikansa a kife kamar jinkar ɗaki, da wani farin abu a bayansa kamar zaren auduga. Kafin mu gama kallo ya yi tsalle ya shige dangar kara. Ba fara ba ne, ba a cinsa, ko tsofaffi ba su san sunansa ba, don a jikin gezar kan dutse kaɗai yake zama. Sai yaran unguwa suka riƙa ce masa ƙwaron Lawali.

Lawali ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Kai, ungo," take cewa, ta miƙa masa fura tana kallon wani wuri. Da bazara ta zagayo sanƙarau ya ɗauke shi. Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Gwaggo, yayar Baba, ta tara mu ta ce an daina faɗin sunan nan a gidan, kada a riƙa tada ciwo.

Ruwa na sauka na kora awakin zuwa dutse, na yini ina ɗaga ganyen geza har na samu ɗaya, na kawo shi cikin gwangwanin madara. Na tarar da matan gidan suna surfe. Na ce da ƙarfi, "Ga ƙwaron Lawali!" Gwaggo ta ajiye taɓarya.

"Ke, mi na ce muku? Zubar da shi!"

Na ƙi. Ta ɗauko kara, ban gusa ba. Sai Inna ta goge hannu a zanenta, ta karɓi gwangwanin, ta leƙa.

"Yaya, bar ta. Ƙwaron Lawali ne," ta ce. "Lawali nawa."

Ba wadda ta sake ɗaga taɓarya sai da Inna ta ɗaga tata.

Yanzu a Gusau nake zaune. An sassare gezar, gidaje sun kai gindin dutsen, na daɗe ban ga ƙwaron ba. Jikokina kan ce in bari su duba mini sunansa na gaskiya a waya. Na hana su. Wanda Inna ta faɗa ya ishe ni.