Kwaɗon da Ba a Fasa Ba

Shekaruna hamsin yanzu, abubuwa da yawa sun fara gushewa daga kaina, amma akwai mako guda da na tabbata zai bi ni har kabari. Shi ne makon da aka kwashe tattasan ƙanena daga gidana a Diffa, na kusa kai maƙwabcina komisariya, wurin ƴan sanda, ba tare da na ga ya yi komai ba.

Ƙanena manomi ne a Shetimari, a bakin Komadugu. A shekarar tattasai ya yi masa kyau, ya shanya, ya ɗura buhu goma sha huɗu, ya ce ba zai sayar a lokacin da kowa ke sayarwa ba. Gidana yana da ɗakin ajiya mai ƙofar ƙarfe da ke kallon titi, don haka ya kawo su wurina. Da yake na yi jami'a kuma ina aikin biro, wato ofis, danginmu suna ɗauka na san komai, ni ma a lokacin ban ƙi wannan zaton ba. Na je kasuwa da kaina na zaɓi kwaɗo. Yadda na zaɓe shi har yau yana ba ni kunya: na riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a tafin hannu, na ɗauki wanda ya fi nauyi da ƙyalli. Makulli uku ya zo da su. Na riƙe ɗaya, na ba ƙanena ɗaya.

Na ukun ya tafi hannun maƙwabcina. Tela ne, mutumin Damasak, ya ƙetaro kogi da iyalinsa a shekarun da rikici ya tsananta, ya kama haya a gidan da ke fuskantar nawa, ya kafa kekensa a zaure. A unguwarmu ba a yin tafiya sai an danƙa wa maƙwabci makulli, saboda gobara ko ruwa. Da aka yi mana rasuwa a Maine-Soroa muka tashi da iyali duka, na miƙa masa na gida da na ɗakin ajiya, ya yi mana addu'ar sauka lafiya.

Kwana biyar muka yi. Ranar Lahadi bayan azahar muka dawo, na tarar da kwaɗona a rataye yadda na bar shi. Da hannuna na buɗe shi don iska ta shiga. Buhu huɗu na gani jingine da bango, goma babu. Na koma na juya kwaɗon gaba da baya, babu ƙarzane, babu alamar guduma.

Washegari ƙanena ya iso, ya leƙa ɗakin, ya jawo zaren da ke wuyansa ya nuna mini makullinsa.

"Yaya, nawa ga shi, ko wanka ba na cire shi. Naka yana aljihunka a Maine. Saura na wa?"

Ni ma na riga shi yin wannan lissafin. Wata tsohuwa mai ƙosai a kusurwar titi ta ƙara mana. Ta ce ranar Juma'a, maza suna masallaci, amalanke ta tsaya a ƙofar, mutum biyu suka sauko, ɗaya ya sa makulli ya buɗe a natse, suka loda, suka kulle, suka tafi. Na tambaye ta me ya hana ta yin magana. Ta ce, "Ɗana, wanda ya zo da makulli ai mai kaya ne. Har sannu da aiki na yi musu."

Telan ya ce shi ma yana masallaci a lokacin, kuma makullin bai bar aljihun kekensa ba. A raina na ce, dama ai ba da kanka za ka zo ba.

Daga ranar na fara kallonsa da wani ido, kuma abin da ke ba ni tsoro idan na tuna shi ne yadda komai ya riƙa zama mini shaida. Na ji ƙamshin nama daga gidansa, na ce ga kuɗin tattasai. Wani baƙo ya zauna a zaurensa suna magana ƙasa-ƙasa, na ce ga mai amalanke. Ya gaishe ni da fara'a, na ce yana rufe laifi. Washegari ya gaishe ni a sanyaye, na ce laifin ne ke cin sa. Matata ta ce, "Malam, ka bi a hankali. Matar mutumin nan ce ta kwana uku a kaina da na haihu." Na ce mata wannan ba hujja ba ce, kamar ni ina da wata.

Ranar Laraba na je karɓar makullin. Ban jira ya keɓe ba, mutum uku na zaune a zauren suna jiran ɗinki. Na ce, "Maƙwabci, a ba ni ajiyata." Ya tsayar da keken, ya jawo aljihun keken, ya ɗauko makullan a naɗe cikin ƙyallen atamfa, ya miƙo da hannu biyu. Kowa a zauren ya ji abin da ban faɗa ba.

A ranar na rubuta takardar ƙara da Faransanci mai kyau, na sa sunansa. Ba zan ce ban san nauyinta ba. A waɗancan shekarun, mutumin da ya zo daga ƙetaren kogi idan sunansa ya shiga takarda, tambayoyin da za a yi masa ba za su tsaya a kan tattasai ba. Na sani, na kuma ninke ta na sa a aljihu.

Da safe, a hanyata ta komisariya, na biya kasuwa don in sayi wani kwaɗon saboda buhu huɗun da suka rage. Akwai wani tsoho mai yankan makulli a rumfa kusa da masu walda. Na ajiye masa tsohon kwaɗon na ce ina son wanda ya fi shi girma. Ya ɗauka ya duba, ya dube ni.

"Wa ya zaɓa maka wannan? Maƙiyinka?"

"Ni na zaɓa, Baba."

"To, ashe a gida yake."

Ya danna kwaɗon ya kulle, ya jawo wata waya da ya shirya tsofaffin makullai a kanta. Na farko bai shiga ba. Na biyu ya shiga bai juya ba. Na uku ya juya, kwaɗon ya buɗe. Na ce wataƙila dace ne. Sai ya ɗaga murya ya kira mai teburin da ke gefensa, ya ce ya miƙo sabo irinsa daga kwali. Ya yage ledar, ya sake kulle kwaɗona, ya sa masa sabon makullin, ya buɗe kamar don shi aka yanka shi.

Ya ce irin waɗannan nauyin duk a jiki yake, cikin kuwa kusan iri ɗaya ne, a kwali guda yankan makullan bai wuce iri kaɗan ba. Duk wanda ya ga an sauke buhuna a ƙofata, ya ga abin da na rataya, ba ya buƙatar guduma, kasuwa kawai zai zo. Ya ce idan zan sayi kwaɗo, in sa mai sayarwa ya gwada makullan ƴan'uwansa a gabana, idan ɗaya ya buɗe in ajiye masa kayansa. Ɗakin da ke kallon titi kuwa, kuba ake sa masa a jikin ƙofa, sannan mai walda ya yi wa kwaɗon gida na ƙarfe.

Na ce, "Baba, wato maƙwabcina ba shi da hannu?"

"Ni ban san maƙwabcinka ba. Abin da na sani, rabin Diffa na yawo da makullinka."

Hujjata ɗaya ce tak, cewa makulli uku ne a duniya, kuma ta rushe a kan teburin tsohon. Ban ƙarasa komisariya da wannan takarda ba. Na yage ta, na rubuta wata wadda babu sunan kowa a ciki. Ba a taɓa gano masu amalanken ba.

Bayan la'asar na shiga zauren telan. Na jira sai da mutane suka taru, tunda a gaban mutane na ɓata shi, na faɗi abin da na zata da abin da na gani a kasuwa, na roƙe shi gafara. Ya sunkuyar da kai kan allurar kekensa, ya ce:

"Malam, tun ranar Litinin na sani, daga yadda kake amsa gaisuwa. Matata ta ɗaure kayanmu. Mun shirya idan an zo ɗaukata, ita da yara su wuce Yebi wurin yayanta." Ya ɗago kai. "Na yafe maka, don Allah."

Bayan an sa kuba an yi wa ƙofar aiki, na yanka makulli na kai masa, ina ganin da shi zan gyara abin da na ɓata. Ya mayar da hannuwansa baya.

"A'a, Malam. Gidanka zan duba maka shi kamar nawa. Amma makulli ka ba wanda idan an zarge shi yana da inda zai tsaya."

Har yau muna maƙwabtaka, shi ke ɗinka mini kayan sallah, kuma har yau bai sake karɓar makullina ba. Abin da na koya shi ne, kwaɗo ba da nauyi ake zaɓensa ba, a gaban mai sayarwa ake gwada shi. Kuma wanda ya rataya kwaɗon da bai gwada ba, ranar da kaya suka ɓace ba ɓarawon zai fara tuhuma ba, amintaccensa zai tuhuma, musamman wanda ba shi da mai tsaya masa.