Rabon Gida

Shekarar da aka kawo Baba Paris don aikin zuciya, a wurina ya sauka, a ɗan gidana na Aubervilliers, can saman bene inda asansar, na'urar hawa bene, ke mutuwa duk ranar da aka fi bukatarsa. Ni ce babbar ɗiyarsa. Ni na bar masa gadona na koma kujerar falo, ni ke riƙe hannunsa a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa wurin likita, ni ke jera masa magani kafin in fita aiki. Autanmu kuwa yana Liyon yana aikin gandun daji, nasa sai waya: "Yaya, ya jikin Baba?" Jikin Baba dai ga shi nan, ya ƙi cin abinci.

Babu abin da ban dafa ba. Tuwo da miyar kukar da aka aiko mini daga garinmu Damagaram, kwaɗon zogale, farfesun kan rago. Ya yi loma biyu ya ture kwano, ya ce, "Allah ya yi albarka, uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Albarka ina sha, amma wandonsa kullum ƙara yi masa yawa yake.

Baba maharbi ne a zamaninsa. Muna yara, in ya dawo daga dajin arewa da barewa, akwai ƙa'idar da ba ya karyawa. Abokan farauta su raba cinya da kafaɗa, a gasa hanta a ci a daji, amma naman gadon baya, dogon nan mai laushi, babu mai taɓa shi. Shi da kansa zai zare shi, ya naɗe, ya ce, "Wannan rabon gida ne." Innarmu yake miƙa wa. Daga baya masu motoci da manyan bindigogi suka shiga dajin, suna bin barewa har ta faɗi don gajiya, mai ciki da marar ciki. Daji ya zama fayau. Baba ya rataye bindigarsa, bai sake zancen farauta ba.

Wata Asabar da sanyi ya fara shigowa, sai ga auta da akwatin ƙanƙara. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya buɗe. Jan nama ne wur, har ya yi duhu, ba kitse. Ya ce naman barewar ƙasar nan ne, wadda suke kira serf, mai girman ɗan maraƙi, namijin da ƙaho mai rassa.

Baba, wanda tashi zaune sai na tallafe shi, ya miƙe da kansa.

"Wa ya harbe ta?"

"Ni, Baba. Na yi bismilla, na same ta da rai na yanka."

"Mace ko namiji?"

"Namiji."

Auta ya shiga ba shi labari. Wai a zamanin kakannin Turawan nan serf ta kusa ƙarewa a dazuzzuka da yawa, sai aka riƙa ɗauko ta daga inda ta rage ana sakinta inda ta ɓace, aka hana taɓa ta har ta hayayyafa. Yanzu ta yi yawa har tana cinye ƙananan itatuwa, don haka kowace shekara ake ƙayyade wadda za a harba, kuma kafin a ɗaga ta daga inda ta faɗi sai an ɗaura mata munduwar shaida a ƙafa. Baba ya yi dariya har da tari. "Barewa da munduwa! Amarya ce?" Tunda ya zo ƙasar ban ji dariyarsa ba sai ranar.

Girkin kuma, don Allah a ji mini. Yaron da ko ruwan shayi sai ya ƙone, ya shiga kicin ɗina, ya ɗauki kaskona, ya barbaɗa gishiri, ya juya naman nan gefe da gefe, shi ke nan. Baba ya cinye tas, ya suɗe yatsa, ya nemi ƙari. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo. Na ji daɗi ya ci, wallahi na ji. Amma kishi ya fi daɗin yawa.

Washegari ƴan garinmu mazauna unguwar Stains suka zo dubiya. Wani Alhaji ya dafa kan auta ya ce, "Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Kowa ya ce ƙwarai kuwa. Ni da ke zagayawa da tiren shayi fa, ɗiyar kunkuru ce? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da auta ya koma, na ce ba za a yi haka da ni ba. Na bi mahauta ɗaya bayan ɗaya har na samu wani Balarabe da ke kawo serf ɗin kiwo, yankan Musulmi, gab da bikin ƙarshen shekara. Na jiƙa ta da tafarnuwa da citta da kanumfari, na dafa a hankali har cokali na yanka ta, na zuba yajin ƙuli na Maraɗi. Maƙwabciyata ƴar Mali sai da ta ƙwanƙwasa ƙofa don ƙamshi. Baba ya tauna, ya daɗe yana taunawa, sannan ya ce, "Hannunki akwai daɗi, uwata. Amma wannan a bokiti ta ci abinci." Na kwashe kwanon na shiga kicin, na huce a kan tukunya da soson ƙarfe.

Bayan haka sai ya fara: yana son ya ga dabbobin nan da idonsa. Likita ya ce babu laifi, ai Liyon ma akwai likitocin zuciya. Na so in rufe bakin mutumin nan da hannu. Na san in Baba ya tafi, da wuya ya dawo.

Ni na raka shi Liyon a jirgin ƙasa. Bayan sallar asuba auta ya ɗauke mu a mota zuwa duwatsun gabas, muka naɗe Baba da barguna. A bakin wani fili ya kashe mota ya ce mu yi shiru. Can sai ga su suna fitowa daga cikin itatuwa, mata a gaba da ƴaƴansu, hancinsu na fitar da tururi. Baba ya sauke gilashi, sanyi na dukan fuskarsa, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Ashe ana iya dawo da su." Ya kamo hannun auta ya riƙe. Ina kujerar baya da jakar magani a cinya.

A daren tafiyata Baba ya faɗa mini zai zauna nan, iskar ta fi karɓarsa, kuma gidan auta babu bene. Na ce, "To, Baba." Me zan ce? Na rubuta wa matar auta lokutan magani, ina yi ina jin haushin har labulen gidansu.

Da safe na ɗauko jakata, na tarar da Baba a kicin da wuƙa. Ƙungiyar farautar su auta ta samu wata serf a makon, an kawo masa kasonsa. Baba ya hana kowa taimaka masa. Ya bi ƙashin baya a hankali ya zare dogon naman nan, ya naɗe a takarda, ya ɗaure. Auta ya miƙa hannu zai karɓa ya sa a firigo ya yi sanyi, Baba ya buge hannun.

"Wannan rabon gida ne."

Ya miƙo mini. Na ce, "Baba, Damagaram ai da nisa, zai lalace."

"Wa ya ce miki Damagaram? Tunda innarku ta rasu, ina da wani gida ban da inda kike?"

Har Paris naman nan yana kan cinyata, ban yarda na sa shi a ma'ajiyar kaya ba. Asansar ya mutu kamar yadda ya saba, na hau da ƙafa. Na ɗora kaskon, na barbaɗa gishiri kawai, na juya gefe da gefe yadda yaron nan ya yi. Abin haushi, ya yi daɗi. Na zuba a kwanon Baba, na zauna a bakin gadon da ya bar mini na cinye ni kaɗai.

Baba bai sake hawa benena ba. A Liyon ya cika, kansa a cinyar auta, ina cikin jirgi ban iso ba. Har yau wannan kishin bai sake ni ba, kuma auta ya sani. Duk shekara in sanyi ya shigo, sai ya hau benen nan da akwatin ƙanƙara yana haki, ya ajiye mini gadon baya a kan tebur. Ban taɓa ce masa ya zauna mu ci tare ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.