Layin Kapusin na Kande

Duk wanda ya san Kande mai ɗinki a unguwar Bobiel ta Yamai ya san ba ta da lokacin fure. Ƴar Tahoua ce, a gidan manoman albasa ta tashi, kuma a wurinta shukar da ba ta shiga tukunya ɓarnar ruwa ce kawai. To, sai ga ta wata shekara da shigowar sanyi, durƙushe a tsakar gida tana binne irin kapusin, wani fure mai yaɗo.

Saboda mijinta Tanimu ne. Ya tsufa yana tuƙa taksi, babu lungun Yamai da bai sani ba, sai ido ya dushe. Daga ɗakinsa zuwa ƙofar gida sai an riƙe masa hannu. Abin ya ci masa rai har ya daina fita wurin abokan hirarsa. Amma Kande ta lura bai taɓa tuntuɓe da bokitinta mai launin ruwan lemo ba, ko ina ta ajiye shi. Ta hau kabu-kabu har Tondibia wurin wani mai lambu, Sumana, ta nemi fure mai wannan launi.

Ta shuka layi guda daga bakin ɗaki zuwa ƙofa, ta zabga masa kashin tumaki yadda ake yi wa albasa. Ganye ya yi kore shar, fure ko ɗaya babu. Maƙwabciyarta Iklima ta leƙo tana dariya. "Kande, kabewa kika shuka ma Malam?"

Haushi ya kama ta, ta koma Tondibia da faɗanta. Sumana ya ce, "Hajiya, ke kika cika mishi ciki. Wannan in ya ƙoshi ba ya hure."

Wata da ta haƙura. Kande ta tuge komai, ta kwashe ƙasar da hannunta, ta zuba yashi da tsakuwa, ta sake shuka. Hana shuka taki ya fi komai yi mata wuya, ƴar manoma ce, gani take zalunci ne. Ta daure.

Da furen ya buɗe, Tanimu ya fito da safe, ta miƙa masa hannu kamar kullum. Ya tsaya ya ƙura wa ƙasa ido.

"Sake ni, Kande. Na ga hanya."

Ya bi layin har ƙofa shi kaɗai, ita kuwa tana tsaye a baya tana share hawaye da bakin zane.

Zafi ya shigo ya ƙone furen ƙurmus. Hankalinta ya tashi, ashe ƙafarsa ta riga ta haddace hanyar. Da sanyi ya zagayo ta ce ai yanzu ba ya bukata, bari ta sa albasa a wurin.

Tanimu ya ce, "A'a, shuka min shi. Duk gidan nan, aikin hannunki da nake iya gani ke nan."