Ranar da Aka Zura Ni Rijiya

Wata Laraba ce a tsakiyar bazara, shekarar da nake aji biyar a lakwal, Baba, Malam Isa, ya ɗaura mini igiya a ƙugu a bakin wata tsohuwar rijiya gabas da Tirmini. Shekarata goma sha biyu. Gidanmu tun kakanni haƙar rijiya da yasarta muke yi. Da damina mu noma hatsi, da rani ƙauyuka su yi ta aiko wa Baba. Yayana Sani aka shirya wa gadon, amma tun da rijiya ta rufta da ƙanen Baba, ya tattara ya tafi Agadas, ya aiko cewa shi da igiya har abada. Saura ni.

Kafin nan aikina bai wuce kora jaki da zubar da laka ba, da an ɗan sarara in sulale wajen 'yan langa. Dokokin dai na haddace su, don kullum Baba sai ya maimaita. "A fara zura fitila, in ta mutu, ba mai shiga." "In ƙasa ta zubo maka, kada ka ɗaga kai, ja igiya sau uku." Da safen nan Inna ta ƙi yi wa Baba magana. Ta dama mini fura, ta tsaya a kaina har na shanye, sannan ta shige ɗaki.

Fitila ta sauka ta dawo da wutarta, aka zura ni. Bakin rijiyar ya yi ta tsukewa har ya koma kamar faifai, muryoyin mutane suka dushe, sanyi da warin ruɓaɓɓen ganye suka lulluɓe ni. Ƙafafuna suka nutse cikin laka har gwiwa. Na cika guga biyu, ina jin numfashina yana dawo mini daga bango. Ina cikin na uku sai na ji yashi yana zubo mini a ƙeya, siriri, ba ƙaƙƙautawa. Ƙanen Baba ya faɗo mini a rai. Ga kuma kunya, kada a ce ɗan Malam Isa ya guji yashi. Na daɗe a tsaye kafin na runtse ido na ja igiyar.

Ban san yadda na iso sama ba. Ina jira a yi mini dariya, sai wani gefen bangon ya ɓalle ya afka ciki, da ƙarar da na ji har ƙirjina. Baba ya zauna daɓas a ƙasa, igiya ta saɓule masa tafin hannu. Sannan ya dube ni ya ce, "Gobe mu gyara bangon. Jibi ka koma." Na koma, na kuma shekara ashirin ina komawa, ban taɓa sauka ba tare da tsoro ba.

Yanzu motocin foraj, masu haƙa rijiyar burtsatse, ke huda ƙasa cikin kwana biyu, ba a cika nemanmu ba. Ina kewar guɗar da mata ke yi in gugan farko ya fito da ruwa garau. Bara ɗana Habibu, da ke karatu a Damagaram, ya roƙe ni in koya masa sauka ko sau ɗaya ne. Na ce masa a'a, ya tambayi dalili, na kawar da zancen. Sana'ar a kaina za ta ƙare. Baba ya iya abin da na kasa, ya zura ɗansa rijiya, kuma har yau ban san ko ƙarfin zuciya ne ko rashin wata hanya ba.